Launin Furen Wake

Duk wanda ya san Makarfi a shekarun nan na soja, lokacin da man fetur ya koma sai a galan a bakin titi, ya san shagon Ɗanliti Mai Hoto. Shi ne shago ɗaya tilo da mutane ke tsayawa su leƙa ba don suna da abin saye ba, sai don su ba idonsu abinci. Kwamfuta ce a ciki. Ɗanliti ya sayo ta ne ta hannu daga Kaduna, ita da wata na'ura mai gilashi da ake kifa hoto a kai ta zuƙe shi, wadda ake ce wa sikana. Ya ji soja sun ce za a yi zaɓe, ya kuma san ɗan takara ko gidansa ba a ɗora tukunya ba sai ya buga fosta. Matsalar ɗaya ce kawai, Ɗanliti ko kunna abar bai iya ba. Shi ya sa ya ɗauko Philomena, 'yar Baba Irmiya na Janfalan, wadda ta yi aiki a wata maɗaba'a a Kaduna kafin tsadar rayuwa ta koro ta gida.

Philomena baƙa ce siririya, mai rawar kai, irin mutanen nan da murna ba ta ɓoyuwa a jikinsu. In aiki ya yi mata kyau sai ta tafa, ta miƙe, ta zagaya kujera ta dawo ta zauna. Ɗanliti kuwa sai ya tsaya a bayanta ya harɗe hannuwa yana gyaɗa kai, yadda duk wanda ya shigo zai ɗauka shi ya koya mata.

Allon kwamfutar nan tsoho ne, kuma maƙaryaci. Da safe yakan nuna fuskar mutum daidai, amma in rana ta take ya ɗau zafi, sai kowa ya koma kore-kore kamar wanda ya faɗa tukunyar miyar kuka. Injin da ke buga hotunan kuma yana can Kaduna, shi ma da irin tasa ƙaryar. Don haka Philomena ba ta yarda da abin da allo ya nuna mata, da lambobi take aiki. Akwai wani tsari da ta koyo a maɗaba'a, ana ce masa Lab, wanda ke raba hoto gida uku. Gida na farko haske ne da duhu zalla, babu launi a ciki. Na biyu ma'auni ne da ke tashi daga kore ya nufi ja, na uku kuma daga shuɗi ya nufi rawaya. Kowane ɗigo a jikin hoto yana da lambobinsa uku, kuma lambobin nan ba ruwansu da allo, ba ruwansu da inji. Abin da suka ce a Makarfi shi za su ce a Kaduna. Ɗanliti ya fi kowa son wannan bayani, yakan gaya wa 'yan takara cewa a shagonsa da tiya ake auna launi, kamar dawa.

To, a daminar wannan shekara aure ya taso wa Philomena. Nehemiya, wani malamin firamare daga Kudan, shi ne mai nema, har an sa ranar da manyansa za su zo Janfalan a zauna. A nan ne rigima ta ɓullo ta inda ba a zata ba, ta jikin wani tsohon hoto.

Hoton mahaifiyarta ne, Lantana, wadda ta rasu Philomena tana 'yar tatata. Shi kaɗai ne hotonta a duniya. An ɗauke shi ranar godiyar kaka a bakin majami'a, tana zaune da farin ɗankwali, ta ɗora langa a cinya. Sama da shekara ashirin yana rataye a ɗakin Baba Irmiya, hayaƙi da zafi suna cinsa, har komai na cikinsa ya rine. Sararin sama ya koma ja, ganyen bishiya ya koma ja, zanen jikinta ya koma ruwan goro, fuskarta ma ja. Da wannan hoton Philomena ta san uwarta, har ta girma tana jin haushin cewa ita ta fito baƙa alhali uwarta ja ce jawur.

Wata ranar Lahadi bayan an taso sujada, dangi na zaune a tsakar gida, Philomena ta ce ankon bikinta ruwan goro za a yi, launin zanen mahaifiyarta. Baba Irmiya ya ɗago kai ya ce Lantana ba ta taɓa ɗaura ruwan goro ba, zanen cikin hoton nan launin furen wake ne, shunayya mai haske, shi ya saya mata a kasuwar Ikara. Aka yi dariya. Gwaggo Agnes, ƙanwarsa, wadda ba a taɓa yin musu a gabanta ta bar shi ya kwana ba, ta shiga ɗaki ta ciro hoton ta dangwara masa a gaban hanci. Baba ya dube shi, ya daɗe yana dubawa, ya ce furen wake ne.

Dariyar ta tsaya. Kafin mako ya zagayo Gwaggo ta gama tara hujjojinta. Ta ce Yaya ya daina karatu a majami'a wai gilashinsa ya fashe. Ta ce ya wuce Fasto a hanya ko gaisuwa babu. Ta ce ran nan da rigarsa a bai-bai ya tafi sujada. Yanzu kuma ga shi ana nuna masa ja yana cewa shunayya. Kansa ya fara juyewa, in ji ta, kuma ba za a zaunar da shi gaban baƙi daga Kudan ya yi wata katoɓarar da za a riƙa ba da labarinta har jikoki ba. Ranar zaman, ƙanensu Baffa Ilisha ne zai karɓi baƙi, shi kuwa Yaya ya huta a ɗaki.

Maganar nan ta ƙona wa Philomena rai ƙwarai. Mutumin da ya ƙi sake aure saboda ita, wanda ya yi ta kai ta makaranta Ikara a bayan keke cikin ruwa da rana, shi za a rufe a ɗaki ranar da za a nemi aurenta? Tana cikin wankin kwanuka dabara ta faɗo mata, har ta saki cokali a ruwa. Ai launi ba ya ɓata gaba ɗaya daga hoto, karkacewa yake yi. In aka san inda ya karkace, ana iya mai da shi. Ta naɗe hoton a mayafi, ta ce wa Gwaggo ranar kasuwar Makarfi in ta sayar da daddawarta ta biyo ta shago, za ta ga abin mamaki.

Ranar kasuwa babu wuta, kamar kullum. Ɗanliti ya yi ta ƙunƙuni a kan mai, amma da ya ji labarin sai ga shi da kansa yana tsiyaya ɗan abin da ya rage a galan cikin janareto, don shi mutum ne da ba ya son a yi abin kallo ba da shi ba. Gwaggo Agnes ta iso da ƙwaryarta a ka, tana warin daddawa, ta zauna a bencin 'yan takara ta ce to, a nuna mata.

Philomena ta kifa hoton a sikana, haske ya ratsa ta ƙarƙashinsa a hankali, sai ga Lantana a allo, ta fi yadda take a takarda girma. Gwaggo ta ɗan ja baya. Philomena ta juya hoton zuwa tsarin nan nata, tana aiki tana bayani ba wanda ya tambaye ta. Ta ce dokar mai sauƙi ce. Fari ba shi da launi, saboda haka duk abin da yake fari dole lambarsa ta kore da ja ta zama sifiri, ta shuɗi da rawaya ma sifiri. In ka sami abu ɗaya fari a hoto ka mai da shi sifiri, sauran launuka duk za su biyo shi su koma mazauninsu. Ga kuwa farin ɗankwali a kan mahaifiyarta, ba sai an je nema ba.

Ta ɗora alama a kan ɗankwalin. Lambobin suka nuna ya yi nisa cikin ja, ya yi nisa cikin rawaya. Ta jawo su, ɗaya bayan ɗaya, har suka sauka sifiri.

Hoton ya buɗe kamar an wanke shi. Jan nan ya janye, ganyen bishiya ya yi kore, bangon majami'a ya fito, har wata akuya da ba wanda ya taɓa lura da ita ta bayyana a gefe. Ɗanliti ya yi kabbara, masu leƙe ta taga suka hau turereniya. Philomena ta tafa, ta miƙe za ta zagaya kujera, sai idonta ya sauka a kan zanen.

Ruwan ƙasa ne. Ba ruwan goro ba, amma ko kusa da furen wake bai je ba, wani launi ne mara daɗi kamar jiƙaƙƙen bango. Ta ce ƙila allon ne, ta ɗora alama a kan zanen ta karanta lambobi. Lambobin ma abin da suka ce ke nan. Ta koma ta zauna. Da hannunta ta kira Gwaggo, da hannunta ta ƙara mata hujja.

Gwaggo Agnes ba ta yi dariya ba, a gaskiya ma ta ɗan tausaya mata. Ta ce ai ba daɗi take ji ba, wanta ne, amma tsufa ba a yi masa gardama. Sai dai Gwaggo mace ce da in ta yi nasara bakinta ba ya rufuwa. Ta matso kusa da allo tana nuna abubuwa tana ba Ɗanliti labari, ga bishiyar da iska ta kayar, ga tagar da aka toshe. Ta kai kan ɗankwalin ta taɓe baki.

"Wannan injin naki bai iya wanki ba," in ji ta. "Dubi yadda ya mai da shi fari fat kamar likkafani. Ni na wanke ɗankwalin nan da hannuna, na zuba masa bula har sai da ya yi shuɗi-shuɗi. Uwarki har faɗa ta yi mini, wai na cika hannu. Mu a zamaninmu wa zai je majami'a da farin da ba a sa wa bula ba?"

Philomena ta juyo a hankali ta ce, "Gwaggo, me kika ce kin zuba masa?"

"Bula mana. Ƙulli guda cur."

Ai sai yarinya ta daka tsalle, kujera ta kife. Ta rungume Gwaggo da daddawarta da komai, tana dariya tana cewa ɗankwalin ba fari ba ne, ba fari ba ne! Ɗanliti ya ɗauka wutar janareto ce ta ja ta. Da ƙyar ta tsaya ta yi musu bayani. Ita ta tilasta wa shuɗin abu ya zama fari, don haka ta kwashe shuɗi daga hoton gaba ɗaya, har da wanda ke cikin zanen. Shunayya kuwa in ka cire mata shuɗi me zai rage, in ba ruwan ƙasa ba? A Kaduna aka koya mata cewa farin tufafi fari ne, kuma wanda ya koya matan bai taɓa ganin wankin matan Janfalan ba.

Gwaggo ta ce wannan kuma neman mafita ne. Philomena ba ta ko ji ta ba, idonta na kan allo tana neman wani abin da za ta dogara da shi. Bangon majami'a an sha shafa masa farar ƙasa, ba a san yadda yake a da ba. Ganye kowane wata da irin korensa. Tana buƙatar abin da yake cikin hoton, yake kuma nan duniya har yau, bai canja ba. Idonta ya sauko kan cinyar mahaifiyarta, ya tsaya a kan langar nan mai farin murfi, da shuɗin baki, da jan fure a tsakiya. Ta san langar. Tana ƙarƙashin gadon Baba, a ciki yake ajiye irin wakensa, kuma fentin langa ko shekara nawa ya yi ba ya koɗewa.

Da la'asar suka koma Janfalan a motar 'yan kasuwa. Tun kafin Philomena ta sauke mayafi Gwaggo ta riga ta sanar da gida cewa inji ma ya ce ba furen wake ba ne. Baba Irmiya yana zaune a kan turmi a ƙofar ɗakinsa, ya ji, ya ce to. Philomena ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce aikin bai ƙare ba, tana son aron murfin langa. Bai tambaye ta dalili ba. Ya shiga ya laluba ƙarƙashin gado ya ɗauko, ya shafa shi da tafin hannu, ya ce ta rufe masa langar da faifai kada ƙwari su shiga irin. Ya ƙara da cewa kada ta wahalar da kanta, in an ce Ilisha ya zauna, ai Ilisha ma ubanta ne. Ta ji kamar ta fashe da kuka, amma ta ce masa ya dai jira.

Washegari da sassafe ta kama hanya, sai ga Gwaggo a bayanta da mayafi, wai ba za a yi coge ba ta nan. Suka tarar Ɗanliti ya riga su, ya zuƙe man babur ɗinsa ya juye a janareto, yana tsaye yana tofar da yawu. Ya ce ko ƙasa zai taka ya koma gida sai ya ga ƙarshen zanen nan.

Philomena ta kifa murfin a kan gilashin sikana, ta lulluɓe shi da baƙin ƙyallen da Ɗanliti ke rufe kyamara, haske ya ratsa. Murfi ya fito a allo, har da ɗan tabon da ya yi a gefe. Ta ɗauki lambobin farin wurin, ta ga ashe shi ma ba sifiri ba ne, yana da ɗan rawaya kamar madara. Ta ɗauki na shuɗin bakin, ta ɗauki na jan furen. Sannan ta koma kan hoton, ta soke duk aikin jiya, ta nemo wurare ukun nan a jikin ƙaramin murfin da ke cinyar mahaifiyarta. Ta ce wa Gwaggo ta zuba ido da kyau, ba za ta taɓa zanen ba ko da kuskure. Murfin hoto kawai za ta daidaita da murfin gaske, duk abin da zane ya ga dama ya zama.

Ta fara da ma'aunin kore da ja, ta ja shi har farin murfin ya zo daidai, jan furen ma ya zo daidai. Jan hayaƙin nan ya sake janyewa. Ta koma ma'aunin shuɗi da rawaya. Wannan ya fi gardama, in ta gyara farin sai bakin ya kauce, in ta gyara bakin sai furen ya kauce. Ta yi ta lanƙwasa shi kaɗan-kaɗan, tana cije leɓe, Ɗanliti na bayanta yana cewa a hankali, a hankali, kamar ya san abin da ake yi. Janareto ya yi tari, ya ci gaba. Lambar ƙarshe ta zauna.

Ɗankwalin ne ya fara komawa shuɗi-shuɗi, Gwaggo ta ce yauwa, ga wankina. Sama ta yi shuɗi. Sai zanen ya juye a gaban idonsu, ya tashi daga ruwan ƙasa, ya bi ta wani ja mai duhu, ya tsaya a kan shunayya mai haske, sak furen wake da safe kafin rana ta buge shi.

Ɗanliti ya fita waje da gudu yana kiran maƙwabta su zo su gani. Philomena ta ɗora alama a kan zanen don kada allo ya yaudare ta, lambobi suka ce ja da shuɗi ne a haɗe, babu ko tantama. Ta buɗe baki za ta yi ihu, sai ta kasa, don ta ga fuskar. Da ta gyara gidan haske da duhu, bayan jan nan na ƙarya ya bar fatar, sai ga Lantana baƙa, siririya, da ɗan tudun goshi. Philomena ta ɗaga hannunta ta kara a gefen allo. Launi ɗaya ne. Duk shekarun nan tana jin haushin ba ta ɗauko uwarta ba, ashe hoto ne ya yi mata ƙarya.

Gwaggo Agnes ta sa gefen mayafi ta share ido, abin da Ɗanliti daga baya ya ce shi ne babban abin mamakin ranar. Ta ce ta tuna zanen, ita ma ta taɓa aronsa ta je biki garin Taba, har ta ɗiga masa manja Lantana ta yi kwana biyu ba ta yi mata magana ba. Ta ce kullum ta shiga ɗakin Yaya sai ta kalli hoton nan, yana canjawa tana canjawa da shi, har ya goge mata na gaskiyar.

"Na ɗauki alhakin Yaya," in ji ta. "Ni ce kaina ya juye, ba shi ba."

Saura bugawa. Gwaggo ta damu ƙwarai kada injin Kaduna ya ɓata abin, ta ce ita ba ta yarda da mutanen birni ba. Philomena ta ce ta kwantar da hankalinta, ba hoton allo za a kai musu ba, lambobin za a kai, kuma lamba ba ta canjawa a hanya. Ɗanliti ya haɗa da fostocin wani ɗan takara ya tafi da faifan kwamfutar da aka zuba lambobin a ciki, ya dawo ana gobe zaman da babban ambulan a cikin rigarsa saboda ruwan sama. Suka buɗe a shago. Philomena ta ajiye murfin langa a gefen takardar, fari ya yi daidai da fari, shuɗi da shuɗi, zane kuwa furen wake. Ta zagaya kujera har sau biyu.

Ranar zaman gidan ya cika tun hantsi. An share tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi, ƙamshin shinkafa da wake ya tashi. Gwaggo da kanta ta ɗauko kujerar katako mai hannu, wadda aka aro daga majami'a saboda mai karɓar baƙi, ta dasa ta a gindin mangwaro. Baffa Ilisha ya gyara babbar riga ya nufo ta, ta ce masa ya nemi tabarma. Sannan ta ja hannun Philomena suka shiga ɗakin Baba.

Yana zaune a bakin gado, ya sa tsohuwar rigarsa ta zaman gida. Gwaggo ta durƙusa, abin da ta daɗe ba ta yi masa ba, ta ce Yaya ya yafe mata, gaskiyarsa ce. Philomena ba ta iya jira a gama ba, ta zare hoton daga ambulan ta sa masa a hannu, tana cewa Baba duba, duba zanen, duba fuskar, tana murmushi har kunne.

Baba Irmiya ya riƙe hoton da hannu biyu, ya kawo shi kusa da fuska. Ya yi murmushi ya ce madalla, ya yi kyau ƙwarai, ga ta nan kamar ta yi magana.

Kan Lantana yana ƙasa, ƙafafunta suna sama. A juye ya riƙe shi.

Murmushin Philomena ya tsaya. Ta dubi Gwaggo, Gwaggo ta dafe baki. Sai yanzu, a hasken da ke shigowa ta ƙofa, suka lura da farin abin da ya lulluɓe ƙwayar idonsa. Gilashin da ya fashe, da Faston da aka wuce, da rigar bai-bai, duk suka taru wuri ɗaya. Philomena ta ce, "Baba, tun yaushe?"

Ya gane an gane. Ya sauke hoton a cinya ya ce yanar ido ce, ta daɗe tana tahowa, bana ta rufe. Ya ɓoye ne don ya san in aka ji za a ce ya zauna a ɗaki, shi kuwa yana son ya kai ranar nan a kan ƙafarsa.

"To da na kawo maka hoton ran nan," in ji Gwaggo, "me ka gani har ka ce furen wake?"

"Ban ga komai ba, Agnes. Ni ban san hoton ya canja ba. Ita nake gani."

Daga waje aka ji ƙugin mota ta tsaya, yara suna ihu mutanen Kudan sun iso. Gwaggo ta miƙe ta share fuska, ta buɗe akwati ta ciro masa farar rigarsa ta sujada, ta duba da kyau ba a bai-bai take ba, ta sa masa. Ta ce ciwon ido ai ba ciwon kai ba ne, kuma duk wanda ya ce wanta ba zai zauna a kujerar nan ba, da ita zai yi. Philomena ta karɓi hoton, ta juya shi daidai, ta mayar masa a hannun hagu. Ta kama na daman ta ɗora a kafaɗarta, suka fito tsakar gida, tana gaya masa a hankali inda tabarma take da inda turmi yake, har ta kai shi gindin mangwaro ya zauna.